Lambu da Gida: Amsar Wasiƙunku a Kan Fulawar Kuroton

Assalamu alaikum. Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk a kan fulawa ɗaya suke, wato kuroton, mai kaurin ganyen nan da sheƙi, wadda za ka ga ja da ruwan ɗorawa da kore da ruwan goro duk a reshe guda. Ban yi mamaki ba. Da zarar hunturu ya kankama masu kuka da ita sukan yawaita, ga shi kuma lokacin bukukuwa ne, kowa na son gidansa ya fito. Na rage tsawon wasu wasiƙun saboda fili.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Cikin Disamba na sayi kuroton guda uku a bakin titi, kowacce cike da ganye, na jera su a ƙofar falo. Ba a yi sati biyu ba ganyen ya fara zuba. Yanzu biyu sun koma sanda, ɗaya ce ke da ɗan ganye a ƙoli, alhali kullum ina ba su ruwa safe da yamma. Maigidan ya ce cutata aka yi, marasa saiwa aka sayar mini. In zubar ne?
*Wata uwa, Gyaɗi-Gyaɗi*

Amsa: Hajiya, dakata da zubarwa tukuna. Sa farce ki ɗan kankare ɓawon reshen, ki faro daga sama kina gangarowa. Duk inda kika tarar da kore mai danshi a ƙarƙashin ɓawon, wurin da ransa. In kin kai har gindi ba ki ga kore ba, reshen kuma ya karye ƙas a hannunki, to wannan ta tafi, sai haƙuri. Amma ina kyautata zaton ba duka suka mutu ba, domin kuroton takan kaɗe ganyenta tas, ta tsaya a sanda wata da watanni, sannan ta dawo.

Maganar Alhaji kuwa akwai yadda za a gwada ta. Ki jiƙa ƙasar, ki kife tukunyar a tafin hannunki da gindin shukar tsakanin yatsunki, ki zare a hankali. In kin ga fararen saiwoyi sun zagaye ƙasar, mai fulawa bai cuce ki ba. Ban musa ba, akwai masu yanko reshe su soka a leda su fito da shi bakin titi tun bai kama ba. Sai dai irin wannan cikin 'yan kwanaki yake langaɓewa, kuma ganyensa yaushi yake yi a jiki, ba zuba ba.

A ganina abubuwa ne suka haɗu mata lokaci guda. Wannan shuka, wadda masana tsirrai ke kira Codiaeum variegatum, asalinta daga Indonesiya da Malesiya da arewacin Ostireliya da tsibiran yammacin tekun Fasifik take, wuraren da iska ke ɗauke da laima shekara ta zagayo. Shi ya sa in kin je Legas ko Kalaba ko Fatakwal za ki ga an yi shinge da ita, ta fi tsayin mutum, ba mai kula ta. A irin wannan yanayi takan kai mita 3. Mu kuwa a Kano, cikin Disamba da Janairu, laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, da asuba kuma ma'aunin zafi ya sauko wajen digiri 12 ko 13, wani lokacin ma ƙasa da haka. Daidai wannan gejin kuroton ke fara shan wuya.

Sannan ki tuna inda kika ɗauko ta. A wajen mai fulawa tana cikin 'yan'uwanta, ledoji a cunkushe ƙarƙashin bishiya, ana ta watsa musu ruwa, ƙasan wurin ba ya bushewa. Kika kawo ta kika ajiye a kan busasshen siminti, inda iskar hunturu ke kaɗowa daga arewa maso gabas ba abin da ya tare ta. Ko da damina ce, kuroton takan zubar da ganye in an sauya mata wuri, haka halinta yake, balle da hunturu.

Abin da na fi jin tsoro shi ne ruwan nan na safe da yamma. Ta ganye shuka ke fitar da ruwan da ta sha. Wadda ganyenta ya zube ba ta shan komai, ruwan sai ya kwanta a tukunya, saiwa ta ruɓe. Mafi yawan kuroton ɗin da aka kawo mini a mace, ba ƙishirwa ce ta kashe su ba, tausayin mai su ne ya yi yawa. Daga yau ki riƙa cusa yatsa a ƙasar zuwa gaɓar farko. In kin ji danshi, ki bar ta sai gobe. In ta bushe, ki zuba ruwa sosai har ya fito ta hujin ƙasa, kuma in tukunyar ba huji a yi mata yau ɗin nan. Ki mayar da su lungun da katanga ta tare iska amma hantsi na leƙowa, ki haɗa su wuri ɗaya su jingini juna, ki yanke busasshen kan reshen zuwa inda kore ya fara. Kada ki sa taki ko kaɗan sai kin ga toho. In Allah ya so, da sanyi ya ɗaga wajen Maris za ki ga ƙananan idanu suna fashewa a jikin sandar.

Nan gaba in za ki ƙara saye, ki jira ruwa ya zauna, wato ƙarshen Yuni ko Yuli. Wadda ta yi damina guda a gidanki kafin hunturu ya riske ta, ba ta cika ba da wahala ba.

Tambaya: Malam, ni ce gwaggon amarya, ni aka ɗora wa jere. Gidan a Rijiyar Zaki yake, falon babba, kujerun ruwan toka. Ina son in sa kuroton biyu gefe da gefen talabijin. Sai dai na taɓa ajiye ɗaya a falona, ba ta mutu ba, amma jan duk ya gudu ta koma koriya shar. Akwai takin da ke dawo da kalar?
*Gwaggon amarya, Kabuga*

Amsa: Allah ya sanya alheri, Hajiya, ya ba su zaman lafiya. Babu wannan takin, kuma duk wanda ya ce zai sayar miki da shi kada ki saya. Haske ne ke kawo kalar. A cikin ganyen akwai koren sinadarin da shuka ke haɗa abincinta da shi, akwai kuma masu ba da ruwan ɗorawa da ja. Jan nan sai da haske mai ƙarfi shuka ke yin sa da yawa. In ta samu kanta a ɗaki mai duhu, sai ta ƙara yawan koren don ta kamo ɗan hasken da ke akwai, koren ya rufe sauran. Taki mai yawa, musamman yuriya, ƙara mata koren ma yake yi.

Falukanmu kuwa kin san su: labule mai kauri ninki biyu, raga a taga, wani gidan har da baƙin gilashi. Ga gwaji mai sauƙi. Da tsakar rana ki kashe fitilu, ki tsaya daidai inda kike son ajiye ta, ki ɗaga hannunki sama da tayil kamar kamu ɗaya. In inuwar yatsunki ta fito ɗaya bayan ɗaya, wurin zai yi. In ba ki ga komai ba sai dishi-dishi, kuroton ba za ta riƙe kalarta a nan ba. Gefen talabijin da wuya ya ci wannan gwaji, domin da gangan ake zaɓar masa bangon da haske ba ya duka.

Shawarata ki kai su baranda, ɓangaren gabas, inda za su sha hantsi zuwa wajen ƙarfe 11 sannan inuwa ta rufe su. Da hunturu a ja su jikin bango ko bayan ginshiƙi saboda iska. Kada kuma a ce tunda haske take so a fitar da ita tsakiyar fili a kan intalok. Ranar Afrilu a Kano, da zafi ke kaiwa digiri 40, kwashe kalar take yi, ganyen ya yi fari-fari, gefensa ya ƙone. Wurin da na fi ganin ta yi kyau a garin nan shi ne ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro, inda rana ke ratsowa tsakanin ganye. Kuma kada ki damu in kin ga sabon toho ya fito kore ko ruwan ɗorawa, sai ganyen ya manyanta yake juyewa ja.

Ranar kai amarya da ranar buɗar kai za a iya shigo da su falo su yi kwana biyu ko uku, nesa da bakin na'urar sanyaya ɗaki, a mayar da su waje. Gefen talabijin kuwa ki sa moɗa, mai dogayen ganyen nan a tsaye masu zane-zane, ita tana jure duhu da mantuwa. Kafin ki kashe kuɗinki dai, ki tambayi yarinyar ko tana da ra'ayin shuka. Abu mai rai ne za ki bar mata, ba kayan kabet ba.

Tambaya: Malam, ni dillalin gidaje ne, ina harka tsakanin Hotoro da Tarauni da Na'ibawa. Na lura gidan da aka ɗan ƙawata da fulawa ya fi saurin shiga ran mai haya ko mai saye, musamman a hoton da muke turawa ta WhatsApp. Ina son in sayi kuroton kamar ashirin in riƙa yawo da su gida-gida. Ya kake gani, kuma wace iri zan nema?
*Wani dillali, Hotoro*

Amsa: Alhaji, lurarka daidai ce. Sabon gini a Kano yawanci siminti ne da tayil da intalok tun daga get har bayan gida, ba abin da ido zai sauka a kai. Tukunya biyu masu rai a bakin ƙofa sukan sa mutum ya fara hango kansa a zaune a gidan. Kuroton kuma ta dace da wannan aiki fiye da masu fure, domin adonta a ganye yake, ba ka jiran lokacin fure, ba kuma fure mai zuba ya ɓata maka tsakar gida.

Amma ashirin sun yi yawa, yawon kuma shi ne abin da ta fi ƙi, kamar yadda na gaya wa Hajiyar Gyaɗi-Gyaɗi a sama. Ka sayi takwas manya masu cikar ganye har ƙasa, ka raba su kashi biyu. Mazauninsu ya zama gidanka, a inuwar da suka saba da ita. Kashi ɗaya ya fita aiki kwana biyu ko uku ya dawo ya huta sati biyu, ɗayan ya karɓe shi. Wajen ɗauka ka naɗe kowacce da buhu ko jarida, ka sa a cikin mota a rufe. In ka ɗora su a bayan a-kori-kura a buɗe ka bi titin Maiduguri da gudu, kafin ka isa iska ta yayyage ganyen. Kada kuma ka bar su a gidan da ba kowa da sunan maigadi zai ba su ruwa, sai in ka san mutumin da kyau.

Kafin fulawa ta shiga, a share gidan, a wanke tayil, a cire yana, a kwashe ragowar buhunan siminti da gwangwanayen fenti, a ɗaure famfon da ke ɗiga. Tukunya mai kyau kusa da tarin shara ƙara nuna sharar take yi.

Wajen ajiyewa, biyu gefe da gefen ƙofar shiga. Ɗaya a kusurwar tsakar gida da ido ke fara sauka in an turo get. Ta huɗu a falo kusa da taga, domin ɗakin da ba kaya yana da wuyar kimantawa, amma in akwai abu ɗaya a tsaye mai kallo zai gane faɗin wurin da tsayin silin. Ɗakunan kwana da kicin a bar su haka.

Sai maganar launi, inda na ga mutane da yawa suna ɓata aikin. Kuroton tamkar atamfa ce mai yawan zane: mayafi mai launi ɗaya take so. In bangon fari ne, ko ruwan madara, ko ruwan toka, nemi masu ja da ruwan goro. Akwai Petra, mai faɗin ganye da jijiyoyi a fili, ita ce aka fi samu. Akwai Mammy, mai murɗaɗɗen ganye ja sosai, ba ta cika faɗi ba, don haka ta dace da siririyar baranda. In kuwa bangon ruwan hoda ne ko ruwan lemo, ko an manna masa tayil mai zane, jan zai yi faɗa da shi. Nan sai Gold Dust, koriya mai ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa. Zanzibar mai siraran ganye dogaye tana kyau a doguwar tukunya, sai dai ba ta cika ido daga nesa. Ba kowane mai fulawa ne ya san su da waɗannan sunaye ba, ka kwatanta masa ganyen ko ka nuna masa hoto.

Tukwanen su zama iri ɗaya, launi ɗaya, ba zane. Ni na fi son a bar shukar a tukunyar roba mara nauyi, a zura ta cikin tukunyar ƙasa irin tamu. Ta ƙasar tana kare saiwa daga zafi, tana kuma kyau a hoto, in an tashi tafiya ka zare ta robar kawai. Kada baƙar leda ta leƙo. Ka goge ganyen ɗaya bayan ɗaya da tsumma mai danshi, ruwa zalla. Masu shafa musu man gyaɗa don sheƙi, ƙurar hunturu suke gayyata, washegari ganyen ya yi dumu-dumu. Hoto kuma a ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, ranar tsaka kashe launi take yi.

Akwai abin da zan roƙe ka, kuma da gaske nake. Kada tukunyar nan ta zama abin rufe aibi. Na shiga gidaje na ga an jera fulawa daidai inda bango ke tsotsar ruwa, fenti ya kumbura yana zubar da farin gari, ko inda katanga ta tsage. Wanda ya kama hayar da rani ba zai sani ba sai Agusta, ruwa ya shigo masa ɗaki da iyalinsa da kayansa. Hadisin nan da Muslim ya ruwaito sananne ne: Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya cusa hannu ya ji danshi a ciki, ya tambayi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ka nuna wa mutum inda gyara yake, a yi ciniki a kan sani. Haka kuma ka faɗa tun a tsaye cewa tukwanen naka ne, ba sa cikin kuɗin, kada a zo karɓar mukulli a ga wayam a fara zargi.

In mai gidan ne ke son a dasa masa a ƙasa ta zauna, a jira damina, a zaɓi jikin katangar da inuwar yamma ke rufewa, a bar kamar santimita 60 zuwa mita 1 tsakanin gindi da gindi.

Tambaya: Malam, ina da yara ƙanana uku, ina kuma kiwon awaki a tsakar gida. Maƙwabciyata ta ce kuroton dafi ce. Gaskiya ne?
*Wata mai karatu, Kurna*

Amsa: 'Yar'uwa, maƙwabciyarki ba ta yi ƙarya ba. Dangin tinya ce da bini-da-zugu da rogo, kuma ƙaron da ke fita in an karya reshe ko an tsinke ganye yana sa ƙaiƙayi da ƙuraje a fatar wasu, yana da zafi ƙwarai in ya shiga ido, yana kuma ɓata tufafi. In yaro ya tauna ganyen bakinsa zai yi zafi, yana iya amai ko gudawa. Taɓa ganyen da bai karye ba ba ya komai. In ƙaron ya taɓa fata a wanke da sabulu, in ido ne a yi ta zuba ruwa mai tsabta, in kuma yaro ya haɗiye a kuskure masa baki a kai shi asibiti da ganyen a hannu don likita ya gani.

Mai rarrafe da mai koyon tafiya komai baki suke kaiwa, don haka ki ɗora tukunyar a inda hannunsu ba ya kai. Awaki kuwa ba na ba da shawarar a haɗa su gida ɗaya da ita sai da shinge mai ƙarfi, haka ragon layya. In tsakar gidan ɗaya ce ba yadda za a raba, ki haƙura da kuroton har yaran su yi wayo.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a Jami'ar Bayero. Ina son in riƙa ninka kuroton ina sayarwa don in rage wa iyayena nauyi. Ta iri ake shuka ta ko ta reshe?
*Wani ɗalibi, Ɗorayi*

Amsa: Ɗana, Allah ya yi maka albarka, wasiƙarka ta faranta mini rai. Ta reshe ake yi. Tana yin ɗan fure mara kyan gani, wani lokacin har ta yi iri, amma abin da ya tsiro daga iri ba lalle ya ɗauko kalar uwar ba, mai saye kuwa kala yake biya.

Lokacin aikin Yuli da Agusta, sa'ad da iska ke da laima. Da sassafe ka zaɓi reshen da ya fara ƙwari amma bai zama itace ba, ka yanke santimita 10 zuwa 15 daga ƙoli, daf da ƙasan gaɓa, da wuƙa mai kaifi mai tsabta. Ka sa leda a hannu saboda ƙaron. Ka cire ganyen ƙasa, ka bar uku ko huɗu a sama, in manya ne ka rage rabin kowanne da almakashi don kada ya zuƙe reshen. Ka dangwala bakin yankan a garin gawayi, ƙaron zai tsaya. Ledar fiya-wata ta isa tukunya: ka yanke samanta, ka huda ƙasanta wuri huɗu, ka cika da yashi kashi biyu da baƙar ƙasa kashi ɗaya. Ka soka reshen, ka danne gefensa da yatsa, ka ba shi ruwa, ka kifa masa farar leda mai nuna ciki, ka ajiye a inuwa mai haske. Rana kada ta taɓa ledar, dafa shi za ta yi. Bayan sati huɗu zuwa shida ka ɗan ja shi a hankali. In ka ji ya riƙe, ya yi saiwa. Ka riƙa ɗage ledar kaɗan-kaɗan na 'yan kwanaki kafin ka cire ta gaba ɗaya.

Akwai wata hanyar da na fi so ga tsohuwar kuroton da ta yi dogon wuya, ganye sai a ƙoli. Ba za ka yanke reshen ba tukuna. Ƙasa da ganyen kaɗan ka zagaye ɓawon da wuƙa, ka ɓare zobe mai faɗin yatsa har farin itacen ya bayyana. Ka dunƙula jiƙaƙƙen garin katako wanda ya kwana biyu, ka rufe wurin da shi, ka naɗe da leda, ka ɗaure sama da ƙasa da zare. Cikin wata ɗaya zuwa biyu za ka hango fararen saiwoyi suna bin jikin ledar ta ciki. Sai ka yanke daga ƙasansu ka dasa. Ka samu babbar shuka mai cikakken ganye a tashi ɗaya, uwar kuma ta yi sabbin rassa daga inda ka yanke. Garin katako kuwa ga 'Yan Katako a Na'ibawa.

Wajen dashe na dindindin ka haɗa baƙar ƙasa da yashi da takin gida wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin shanu ƙona saiwa yake yi, yana kuma jawo gara. Takin zamani na kamfa rabin ƙaramin cokali a gefen tukunya, nesa da gindi, sau ɗaya a wata da damina, ya wadatar. Kada ka sayar da ko ɗaya sai ta yi sabon ganye a hannunka, kuma duk wanda ya saya ka gaya masa inda zai ajiye ta.

Tambaya: Malam, ganyen tawa ya yi ɗigo-ɗigo fari, akwai siririyar yana a bayansa, a hammatar ganyen kuma wani farin abu auduga-auduga. Mene ne?
*Wani magidanci, Sharaɗa*

Amsa: Malam, ƙwari iri biyu ne suka same ka. Masu yanar ƙanana ne ƙwarai, dangin gizo-gizo, busasshiyar iska da ƙura suke so, shi ya sa suke tashi da hunturu. Ka kaɗa ganyen a kan farar takarda, za ka ga ɗigo-ɗigo suna motsi. Farin kuma wani ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka, in ka lura za ka ga kiyashi na zarya wurinsa. Ka ware tukunyar daga sauran. Ka wanke bayan ganyen da ruwa mai ɗan ƙarfi, farin kuma ka goge shi da auduga da sifirit. Sannan ka narka ɗan sabulun salo a ruwa lita ɗaya, kada ya yi kauri, ka fesa da yamma, ka ɗauraye da safe. Dakakkun 'ya'yan darbejiya da aka jiƙa suka kwana aka tace su ma suna aiki. Ka maimaita duk sati har sau uku ko huɗu, domin ƙwansu ba ya mutuwa a feshin farko.

Tambaya: Malam, unguwarmu famfo ba ya zuwa, a wajen 'yan garuwa muke saye. Ina sha'awar kuroton amma ina tsoron kuɗin ruwa. Zan iya ba ta ruwan wanki?
*Wata matar aure, Gwammaja*

Amsa: 'Yar'uwa, ruwan wanki a'a. Omo da bilic suna tara gishiri a ƙasar tukunya, bakin ganyen ya ƙone, saiwa ta lalace. Haka ruwan wanke-wanke mai maiƙo. Amma akwai ruwa mai kyau da ke tafiya kwata a banza kullum a gidajenmu. Ki ajiye baho a inda ake alwala, abin da ya taru daga asuba zuwa isha ya ishi tukunya biyu har ya yi saura. Ruwan da aka wanke shinkafa ko alayyafo da shi ma ya yi, matuƙar ba a sa gishiri ba.

Da bazara matsakaiciyar tukunya takan sha kusan buta guda a rana, da hunturu kwana biyu ko uku ake ɗauka, da damina kuwa sama ta ɗauke miki. Ki rufe saman ƙasar da ɓawon gyaɗa ko busasshen ganye don kada ta yi saurin bushewa, kina ɗagawa lokaci-lokaci kina duba gara. In kin ga farin gishiri-gishiri ya taru a bakin tukunyar, ki kankare, ki zuba ruwa mai yawa sau ɗaya ya wanke ƙasar ya fita ta huji.

Ki fara da guda ɗaya, ki ga yadda za ku ƙare da ita a Afrilu da Mayu. In kuwa tsakar gidanki rana ce ƙwal daga safe har yamma, ba bishiya ba rumfa, to kada ki sayi kuroton ko da ruwan ya samu. Ki nemi bugenbila ki ɗora ta a katanga, ko ki dasa lalle a jikin bango. Su biyun suna son rana, kuma da zarar sun kama ƙasa ruwa kaɗan ya ishe su.